Inuwa ko ado? Itatuwan da jami'o'in arewacin Kamaru ke dasawa da waɗanda ake mantawa da su

Wanda ya taɓa hawa babur daga unguwar Dugoi da ke Marwa ya nufi Kongola da tsakar rana a watan Afrilu ya san daidai inda inuwa take ƙarewa. A cikin gari manyan itatuwan maɗaci da dogonyaro sun yi wa tituna rumfa, har baƙo kan manta cewa a bakin Sahel yake. Da zarar an bar tsofaffin unguwanni an doshi sababbin gine-gine, sai rana ta karɓi aiki. Waɗancan itatuwa na cikin gari ba mu muka dasa su ba, gado muka ci daga mutanen da yawancinsu ba su zauna ƙarƙashinsu ba. Tambayar ita ce me jami'o'inmu ke dasawa yanzu, tun da su ne ke riƙe da filaye mafi faɗi da ake ginawa a garuruwan arewa.

Maganar ta dace da wannan lokaci. An kafa Jami'ar Marwa a shekarar 2008, kuma har yanzu mazauninta na Kongola bai gama cika ba. Jami'ar Garwa kuwa jaririya ce, a watan Janairun 2022 aka kafa ta tare da ta Bertuwa da ta Ebolowa. Gini ana iya rushe shi a sake, fenti ana sake shi duk bayan 'yan shekaru. Itace ba haka yake ba. Abin da aka zaɓa aka dasa a shekaru goman farko shi ne zai yanke hukuncin yawan inuwar da ɗalibai za su samu, da yawan ruwan da hukumar makaranta za ta riƙa saye, har shekaru hamsin masu zuwa. Kuma abin da za a faɗa a nan ya shafi mai karatu da ke Njamena ko Maraɗi ko Tamale, domin tsirran da ake ƙawata makarantu da su kusan iri ɗaya ne daga Dakar har Abeshe.

Baƙi sun cika gida

A leƙa harabar kowace babbar makaranta ko ofishin gwamnati a Garwa ko Marwa, a tambayi asalin abin da aka dasa don ado. Itacen nan mai jan fure kamar garwashi da Faransawa ke kira flamboyant, daga tsibirin Madagaska ya fito. Wanda rassansa ke hawa-hawa kamar laima, wato Terminalia mantaly, shi ma ɗan Madagaska ne. Dogon siririn nan da ake jerawa a bakin hanya kamar sojoji a fareti, Polyalthia, daga Indiya da Siri Lanka yake. Kasiya mai rawayan fure daga kudu maso gabashin Asiya ta zo, turare ko zaiti daga Ostareliya. Bugenbiliya, fulawar da ke hawa katanga, 'yar Barazil ce, an raɗa mata sunan wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe, Bougainville, wanda tawagarsa ta ci karo da ita a shekarun 1760. Shi kansa dogonyaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi ko maina, ɗan Indiya ne, kuma bai daɗe da cika shekara ɗari a ƙasashenmu ba. Ya zauna har ya zama ɗan gari: Fulanin Diyamare suna ce masa gannyi, kalmar da kowane Bahaushe zai ji ƙamshin “ganye” a cikinta.

Zama baƙo ba laifi ba ne, mu da muke zaune a zangon wasu mun fi kowa sanin haka. Mangwaro ma daga Indiya ya zo, babu kuma mai cewa a sare shi. Bugenbiliya tana jure fari, tana fure a tsakiyar rani lokacin da komai ya yi toka-toka, ƙayarta kuma tana tsare katanga. Ta cancanci wurinta. Matsalar tana wani waje: ana zaɓen tsirrai ne da ido, daga abin da aka gani a Yawunde ko Duwala ko a hoton wani otal, ba tare da an tambayi abin da za su yi a watan Maris ba.

A ɗauki flamboyant. A ƙarshen rani, gab da saukar damina, babu itacen da ya kai shi kyau. Amma kafin ya kai ga wannan furen yakan zubar da ganyensa, ya tsaya tsirara a watannin da ɗalibi ya fi bukatar inda zai fake. Polyalthia ba ta da inuwar da za ta rufe ko da mai sayar da ƙosai, ga shan ruwa. Terminalia mantaly tana saurin girma, shi ya sa 'yan kwangila ke son ta, sai dai saiwoyinta a sama-sama suke tafiya, suna ɗaga daɓe suna fasa kwalbati, kuma inda ruwa ya yi ƙaranci ita ma takan kaɗe ganye. A Jami'ar Ngaundere da ke Dang waɗannan tsirrai suna iya samun yadda suke so, domin garin yana kan tudu mai tsawon sama da mita 1,000, ruwan da ke sauka a shekara kuma yana kai milimita 1,500. Garwa tana samun kimanin 1,000, Marwa kimanin 800, rani kuma yakan ɗauki wata bakwai zuwa takwas, zafi ya haura digiri 40. Duk “arewa” ake ce musu, amma ga itace ƙasashe uku ne daban.

Yadda ake ƙirga bambancin

Idan masana suka ce harabar makaranta tana da tsirrai iri-iri, ba yawan launin furanni suke nufi ba. Abu biyu suke dubawa. Na farko, nau'i nawa ne. Na biyu, kuma shi ne aka fi mantawa da shi, yaya aka raba yawan itatuwan a tsakanin nau'o'in. A ce wata jami'a tana da itace 1,000 daga nau'i 30. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma idan 700 daga ciki dogonyaro ne, 200 kasiya, sauran nau'i 28 kuma suka raba 100 da ya rage, to a zahiri inuwar makarantar a wuyan itace ɗaya ta rataya.

Masana tsirrai suna kasa itatuwa kamar yadda muke kasa mutane. Akwai nau'i, sai gida, sai dangi. Gamji da cediya da durumi da ɓaure nau'i huɗu ne, amma gidansu ɗaya, wanda ake kira Ficus; duk wanda ya lura da farin ƙaron da ke fita idan an karya ganyensu, da kamannin 'ya'yansu, ya riga ya gane 'yan'uwantakar. Gidaje da yawa kuma su ke haɗuwa su zama dangi. Amfanin sanin wannan shi ne ƙwaro ko cuta sau da yawa ba nau'i ɗaya suke kamawa ba, 'yan gida ɗaya ko dangi ɗaya suke bi.

A shekarar 1990 wani masanin itatuwa na Amurka, Frank Santamour, ya ba da shawarar da ta shahara a wurin masu tsara birane: kada nau'i ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na itatuwan gari, kada gida ɗaya ya wuce kashi 20, kada dangi ɗaya ya wuce kashi 30. Ba a banza ya faɗa ba. Biranen Amurka sun cika titunansu da wani itace guda da Faransawa ke kira orme, cuta ɗaya ta shigo ta kashe miliyoyinsa, tituna suka wayi gari tsirara. Da suka maye gurbinsa da wani mai suna frêne, a 2002 aka gano wani ƙwaro daga Asiya a jihar Mishigan, shi ma ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Idan aka aza wannan ma'auni a kan Marwa, wani abu zai fito da mutane da yawa ba su sani ba: dogonyaro da maɗaci dangi ɗaya ne, Meliaceae. Wato manyan itatuwa biyun da garin ke tinƙaho da su, a idon masani 'yan'uwa ne. A ɗaya gefen kuma flamboyant da kasiya da tsamiya da gawo da bagaruwa da ɗorawa da marga duk dangin wake ne, masu 'ya'ya cikin kwanso. A nan ne nake ganin bai kamata a haddace lissafin Santamour kamar karatun allo ba. An yi shi ne don ƙasashen sanyi. A Sahel dangin wake ne suka fi yawa a daji tun fil azal, su ne kuma suka fi iya zama da ƙasarmu, don haka riƙe su a kashi 30 zai yi wuya, ba lallai ma ya zama hikima ba. Abin ɗauka daga shawarar shi ne kashi goman farko. Duk harabar da nau'i ɗaya ya cinye rabinta tana zaune ne a kan caca.

Kuma mun taɓa ganin cacar ta kusa faɗuwa a nan gida. A tsakiyar shekarun 1980 wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai manne wa ganye, Aonidiella orientalis, ya auka wa dogonyaro a ƙasashen tafkin Cadi, har da arewacin Kamaru, ganye ya riƙa ƙonewa yana zuba. Daga 1990 kuma aka fara ganin wata lalura a Nijar da arewacin Najeriya: ganyen dogonyaro ya yi rawaya, ya kaɗe, ya bar 'yan tsiraru a ƙarshen dogayen rassa, wasu itatuwan suka mutu. Masu bincike ba su kama wata ƙwayar cuta guda da za su ɗora wa laifin ba, sun fi karkata ga wahalar fari da taurin ƙasa. Hankali ya tashi ƙwarai a lokacin, domin a wurare irin su kwarin Majiya da ke jihar Tawa, inda tun 1975 ake dasa layukan dogonyaro don tare iska, aikin shekaru ne ke neman rushewa. Dogonyaro ya farfaɗo, alhamdu lillahi. Sai dai babu wanda ya ba mu takardar alkawari cewa na gaba ma zai zo da sauƙi.

Ba a raina abin da dogonyaro ya yi. Shirin Sahel Vert na zamanin Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, wanda ya fitar da 'yan makaranta dashen itatuwa a shekarun 1970, aka kuma farfaɗo da shi a 2008, da dogonyaro ya ci yawancin nasararsa, don shi ne ke rayuwa inda wasu ke mutuwa, awaki ma ba su cika damunsa ba in ya ɗan tasa. Alhazai sun san inuwarsa a filin Arfa. Amma abin da ya dace da yaƙi da hamada cikin gaggawa ba lallai ne ya dace da jami'a ba, wadda ke da masu gadi da rijiyar burtsatse da malaman ilimin tsirrai a cikin gida.

Adon da ke bayan gari

Abin mamaki, dajinmu ba ya rasa abin ado. Mun saba ganinsa ne har ya fita daga idonmu.

Kariya ita ce babban misali. Wannan gajeriyar mai kumburarren gindi da fure ja-ja mai ruwan hoda, wadda ke tsirowa a kan duwatsun Mandara ba mai ba ta ruwa, ita ce Turawa ke kira furen hamada, ana renonta a tukwane ana sayarwa da tsada a Turai da Tailan. A nan kuwa an fi saninta da dafi. Gaskiya ne tana da guba, maharba sun daɗe suna amfani da ita, amma wannan bai hana a dasa ta a tsakiyar shataletale inda yara ba sa wasa ba. Ai laurier-rose da thevetia mai rawayan fure, da ake jerawa a ƙofar azuzuwa ba tare da wani ya ɗaga gira ba, danginta ne, kuma gubarsu ba ta gaza tata ba: 'ya'yan thevetia kaɗan sun isa su taɓa zuciyar yaro. Duk makarantar da ke da gidajen ma'aikata da ƙananan yara ya kamata ta san wannan.

Sai sansami, wanda a tsakiyar rani yake lulluɓe kansa da fure mai ruwan hoda tun kafin ya fitar da ganye. Sai marga, mai zubo da rawayan fure kamar an rataya sarƙoƙi. A kyau ba ta bar wa kasiyar Asiya komai ba. Minjirya da gurjiya suna ba da ja, maɗobiya tana ba da rawaya. Lalle yana yin shinge mai kyau in ana aske shi, furensa kuma da ƙamshi da yamma. Giginya da goruba suna yin abin da ake nema a wurin dabinon ado da ake sayowa daga kudu, ba tare da an tsaya musu da tiyo ba.

Ta fuskar inuwa kuwa, wadda a ganina ita ce adon farko a garin da zafi ke kai digiri 40, babu kamar na gida. Tsamiya ba ta cika rabuwa da ganye ba, inuwarta kuma mai sanyi ce. Kanya haka, aduwa haka, kurna haka. Cediya da durumi su ne rumfar ƙofar fada da dandalin kasuwa a ƙasar Hausa tun kafin a san siminti, kuma reshe kawai ake sarowa a kafa ya kama. Sai dai a nisanta su da gini da bututun ruwa, don saiwarsu ba ta da kunya. Gawo kuwa nasa halin daban ne: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. A jami'a wannan kamar an auna ne, domin watannin da yake tsirara su ne na babban hutu da sanyin damina, watannin da yake da ganye su ne na karatu. Manoman arewacin Kamaru sun san darajarsa. A shekarun 1990 wani shiri da aka gudanar tare da kamfanin auduga na Sodecoton ya riƙa ba manoma ɗan tukuici a kan kowane ƙaramin gawo da suka bari ya girma a gona, kuma gonakin da suka yi haka ana ganinsu har yau.

To me ya sa ba a dasa su? Dalili na farko shi ne haƙuri. Tsamiya da kanya suna tafiyar hawainiya, shugaban da ya dasa su ba shi zai yanke ƙyallen buɗe inuwarsu ba. Na biyu, masu renon dashe a bakin titi abin da ake saye suke renowa, mai saye kuma abin da ya gani a wurinsu yake saye, haka abin ke ta zagayawa. Na uku shi ne wanda ba a cika faɗa ba: akwai masu ganin itacen daji a harabar jami'a ƙauyanci ne, wayewa ita ce ciyawa shimfiɗe da fulawa a jere.

Lissafin ruwa

Ita wannan ciyawar ado ta cancanci a yi mata lissafi. Alƙaluman hukumar abinci ta duniya, FAO, sun nuna cewa a busasshiyar ƙasa mai zafi, fili mai ciyawa yana asarar ruwa milimita 6 zuwa 8 kowace rana. Milimita ɗaya daidai yake da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Ke nan kadada ɗaya ta ciyawa tana neman lita 60,000 zuwa 80,000 a rana in ana so ta zauna kore a watan Afrilu. Jarka mai lita 20 guda 3,000 zuwa 4,000 ke nan, kullum, a garin da mata ke tona yashin Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga da rani suna neman na wanki. Shi ya sa yawancin irin wannan ciyawa ke yin kore ranar bikin buɗe gini, bayan wata uku ta koma filin ƙura. Itace kuwa rani biyu ko uku yake bukatar a taimaka masa, daga nan saiwarsa ta nemi abincinta da kanta.

Akwai ma ruwan da ake zubarwa a banza. Ruwan alwala na masallaci kusan tsabtatacce ne, babu sabulu babu maiƙo. In aka ja shi da 'yar kwata zuwa ramukan dashe maimakon ya kwanta ya tara sauro, ya isa ya raya kurmi guda. Haka ruwan da ke ɗiga daga na'urorin sanyaya ofisoshi.

Ƙasa ma tana da nata hukunci. A kewayen Marwa akwai karal, baƙar laka da ake noman muskuwari a kanta, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani har ta tsinke saiwar ƙaramin itace. Bagaruwa da aduwa suna iya zama da ita, mangwaro da flamboyant ba su cika so ba. Akwai kuma harde, ƙasar da ta daskare kamar daɓe, ruwa ba ya shigarta sai an yi mata rami mai faɗi da ɗan bangon rabin wata da zai tare ruwan sama. Fili ɗaya na jami'a yana iya haɗa iri uku na ƙasa. Wannan kaɗai ya isa hujjar kada a dasa abu ɗaya ko'ina.

Sauran masu kashe dashe kowa ya san su: awaki, gara, wutar daji, da bikin dashe. Na ƙarshen ba wasa nake ba. Ranar muhalli ta duniya 5 ga Yuni ce, ranar yaƙi da hamada 17 ga Yuni, kuma a Marwa sau da yawa damina ba ta gama zama ba a lokacin. A dasa a gaban kyamara, a watse, a yi kwana goma ba ruwa. Ko kuma kuɗi su makara, a dasa a ƙarshen Agusta, dashen bai kafa saiwa ba iskar hunturu ta same shi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ƙasa ta jiƙu sosai, a Yuli, da keji na ƙaya ko bulo a kewaye. Da za a riƙa biyan ɗan kwangila a kan itatuwan da suka rayu bayan rani biyu, ba a kan waɗanda ya sa a rami ba, da zaɓinsa na iri ma ya canza da kansa.

Harabar da ke koyarwa

Akwai wani dalili da ya keɓanta da jami'a. Otal yana dasa fulawa don baƙi su ji daɗi. Jami'a tana da ɗaliban ilimin halittu da na noma da na harhaɗa magunguna da na muhalli, waɗanda ake koya wa sunayen itatuwa a allo alhali itatuwan suna iya tsayawa a bakin tagar ajin. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samarun Zariya, wadda aka kafa a 1962, ta ware lambu na musamman don wannan, haka ta Ibadan. A Kamaru al'adar ta ma fi tsufa, tun lambun Limbe da Jamusawa suka kafa a 1892. Sai dai Limbe lambun kurmi ne, bakin teku. Ɗalibin Kusseri ko Mokolo ba zai ga dajinsu a can ba.

Garwa tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: Makarantar Namun Daji, École de Faune, wadda tun 1970 take horar da jami'an gandun daji daga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, tana kuma da ɗakin adana busassun samfuran tsirran yankin. Ga cibiyar binciken noma ta IRAD a Garwa da Marwa. Masu sanin wane itace ne ke son wace ƙasa suna nan cikin gari, ba sai an ɗauko su daga Turai ba.

Wasu itatuwan ma mafaka suke nema. Maɗobiya, wadda aka yi wa sarar wawa a Afirka ta Yamma da arewacin Kamaru ana loda katakonta zuwa Sin, ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu, kuma a taron 2022 aka saka maɗacin Afirka a jerin. A cikin gari ma maɗaci ba ya hutawa: dubi gindin kowane tsoho a bakin titi za ka ga inda masu neman magani suka sassaƙe ɓawonsa, wasu har sun zagaye shi, itace kuwa in aka zagaye ɓawonsa mutuwa yake. Harabar da ke da katanga da mai gadi tana iya zama wurin da irin waɗannan za su tsufa su ba da iri.

Ƙaramin abu kuma mai arha shi ne allon suna. A rubuta na kimiyya da na Faransanci, a ƙara da Fulfulde da Hausa: gawo caski, tsamiya jaɓɓi, aduwa tanni, kuka ɓokki, maɗaci ɗaaleehi. Aikin tattara sunayen an daɗe da fara shi, tun littafin sunayen tsirrai na Hausa da Dalziel ya fitar a 1916, ga kuma littafin Michel Arbonnier a kan itatuwan busassun yankunan Afirka ta Yamma da ma'aikatan daji ke yawo da shi. Yaron da aka haifa a Briketeri ta Yawunde ko New Bell ta Duwala, wanda ya san miyar kuka a kwano amma bai taɓa ganin uwarta a tsaye ba, in ya zo karatu arewa zai karanta sunan da kakarsa ke faɗa a jikin itacen.

Ga sabuwar jami'a kamar ta Garwa, aiki mafi riba shi ne wanda ake yi kafin katafila ta shiga fili. Al'adar 'yan kwangila ita ce a share komai tas, a yi gini, sannan a sayo dashe mai tsawon kamu biyu. Tsamiyar da aka tuge cikin minti goma wataƙila ta shekara sittin tana girma. Da za a zagaya filin tukuna a ƙirga abin da ke tsaye, a shafa wa waɗanda za a bari fenti, a sa mai zanen gini ya kauce musu, da an fara da inuwa tun ranar farko. Ko kututturan da ake gani kamar matattu suna da amfani. Abin da manoman Maraɗi suka nuna wa duniya ke nan tun shekarun 1980, lokacin da Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa a gona rassa ne na tsofaffin saiwoyi masu rai: a zaɓi reshe ɗaya ko biyu, a datse saura, a kare shi, cikin 'yan shekaru ya zama itace, ba rami ba ban ruwa.

Wanda kuma ke son dasa na gida a daminar baɗi, da ranin bana zai fara. Irin maɗaci ba ya jimawa, in aka ajiye shi 'yan watanni a ɗaki ya mutu, don haka da an tsince shi ake shukawa a leda. Irin gawo da na bagaruwa da na tsamiya kuwa ɓawonsu tauri gare shi, sai an jiƙa su a ruwan zafi ko an ɗan kankare gefe kafin su tsiro. A daji cikin akuya ne ke yi wa gawo wannan aikin. Cediya da durumi da minjirya reshe ake yankowa gab da damina. Giginya ba ta son a cire ta daga wuri zuwa wuri, a inda ake so ta tsaya ake binne ƙwallonta, a sa alama, a jira.